Sashen masu ciwon ƙirji da muka kai Umma: gwajin majina kyauta ne, amma gwajin busa sai an shirya masa

Maki bakwai cikin goma zan ba su, kuma ukun da na cire ba na likita ba ne, na ɗakin kati ne da famasi da wani bawan Allah ɗaya a bakin lab da zan zo kansa. Sashen masu ciwon ƙirji nake nufi, na wani asibitin gwamnati a nan Kano, ba zan kama suna ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata. Tun da muka kai Umma can mutane ke tare ni da tambaya, a gidan biki a waya har a layin cirar kuɗi, wai me ake yi wa mutum, da gaske kyauta ne, in an ce ka kawo majina ko shikenan tibi, wato tarin fuka, gare ka, hoton ƙirji ba ya illa? To na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta.

Umma waina take yi ta sayarwa tun ina firamare, da itace, a wani ɗan lungu a zauren gidanmu da ba shi da taga sai ƙofa. Tari ya daɗe a jikinta, irin wanda in ta tashi da asuba sai ta yi ta kaki kafin murya ta washe, sai kuma haki ya zo ya haɗu da shi, daga tsakar gida zuwa bakin titi sai ta tsaya ta dafa bango. In hunturu ya shigo da ƙura da hazo kuwa abin ya fi muni. Maganin tari na kemis babu kalar da ba ta sha ba, ga amoksil ga zuma da citta da kanumfari ga na masu magani a mota da lasifika, duk wanda ya zo gaishe ta sai ya bar mata sunan wani magani. Ba ta taɓa shan taba ba, shi ya sa ba wanda ya kawo huhu a ransa, kowa sanyi yake cewa.

Ɗakin kati dai ku shirya haƙuri. Mun yi sammako amma mun tarar da layi ya miƙe, taga ɗaya ce a buɗe, mai karɓar kuɗi daban mai rubuta kati daban mai neman folda daban, kuma ba wanda zai gaya maka wanne za ka fara bi sai dai ka tambayi na gabanka. Dattijuwa mai haki a bar ta a tsaye haka ba daidai ba ne, kujerun wurin ba su kai ba, wata mata ce ta tashi ta ba ta nata Allah ya saka mata. In za ku kai tsoho ku je ku biyu, ɗaya ya zauna da shi ɗaya ya yi ta zirga-zirgar takarda.

Da muka isa sashen kansa sai abin ya canza. Wurin jiransu rumfa ce a buɗe ta ko'ina iska na shiga tana fita, na ji wasu suna mita wai an ajiye su a waje kamar ba mutane ba, amma da gangan aka yi shi haka, saboda ƙwayar cutar tibi a iska take yawo, ɗaki rufaffe mai cunkoso shi ne inda ta fi jin daɗin kama mutane. Akwai nas a bakin ƙofa da ke tambayar kowa ko yana tari kuma tun yaushe, duk mai tari sai ta miƙa masa takunkumi ta kuma sa shi gaba a layi don kar ya daɗe cikin jama'a. Wannan tsarin ya burge ni ƙwarai.

Ita nas ɗin ce ta auna jini da nauyi da zafin jiki, sannan ta maƙala wa Umma ɗan abin nan na yatsa mai auna oksijin. Ya ƙi karantawa, lamba na ta tsalle, ta duba yatsun ta ga baƙin lalle ga kuma hannun ya yi sanyi, ta ce "Mama ku murza hannun ya ɗan yi ɗumi," ta canza yatsa zuwa wanda lallen ya koɗe sannan ya tsaya a kan 93. Ta ce mai lafiya yawanci daga 95 zuwa 100 yake nunawa, in ya sauka ƙasa da 90 wannan ba na zaman layi ba ne, imajansi ake wucewa da mutum. Masu sayen abin nan su ajiye a gida tun lokacin korona ku lura da wannan, jan farce da baƙin lalle da sanyin hannu da motsi duk suna rikita shi, kuma a fata mai duhu yakan ɗan ƙara lambar sama da gaskiya, don haka in mutum yana shan wahalar numfashi a gabanki kar ki tsaya wai ai na'ura ta ce lafiya lau.

Likitan matashi ne, kuma abin da na fi yaba masa shi ne bai yi saurin ɗaukar biro ba. Tambayoyi ya yi ta jerowa, tarin ya kai wata nawa, busasshe ne ko da majina, majinar wace kala ce, an taɓa ganin jini, tana zufa da dare har zani ya jiƙe, ta rame, zazzaɓi fa, akwai wanda ya taɓa yin tibi a gidan, in ta kwanta flat numfashin yana ƙaruwa ko sai ta tara filo, ƙafa tana kumbura. Ya danna ƙafarta ya duba cikin idonta ya saurari ƙirji gaba da baya. Ni na tambaye shi me ya haɗa ƙafa da tari, ya ce ba duk haki ne daga huhu ba, ciwon zuciya yana tara ruwa a huhu ya sa mutum tari da haki musamman in ya kwanta, ƙarancin jini ma yana sa haki, har wani maganin hawan jini irin su lisinopril yana sa busasshen tari da ba ya jin magani sai an canza shi. Ni dai ban taɓa jin mai kemis ya yi wa wani wannan tambayar ba.

Sai ya zo kan sana'a. Da Umma ta ce waina, ya ce da me, ta ce da itace, ya ce a ina, ta kwatanta masa lungun, sai ya ce "Hajiya bangon wurin wace kala ce yanzu?" ta ce "ai ɗan nan baƙi ƙirin yake," ya ce to abin da ya shafe bangon nan shi kuke shaƙa kullum tun da kuka fara. Umma ta yi shiru, ni ma haka.

Duk da zarginsa ya fi karkata ga hayaƙi ya ce dole a fara cire tibi daga lissafi, don ƙa'ida ce duk tarin da ya kai sati biyu a gwada majina. A nan ne hankalin Umma ya tashi, ta ja mayafina tana cewa kar in gaya wa kowa a unguwa, wa zai ƙara sayen wainarta. Wannan tsoron shi ke hana mutane da yawa zuwa, alhali a ce ka kawo majina ba yana nufin an yanke maka hukunci ba ne, kusan kowa a rumfar nan an ba shi robar.

Yadda ake bayar da majinar ma ilimi ne, kuma matar da ta yi mana bayani ta iya aikinta. Ba yawu ake so ba, ba kuma majinar hanci ba, wadda ta fito daga can cikin ƙirji ake nema. A kuskure baki da ruwa zalla, a fita fili inda ba mutane, a ja dogon numfashi a riƙe a saki kamar sau uku sannan a yi tari mai ƙarfi a tofa a robar a rufe gam, kar a shiga banɗaki a yi don rufaffen wuri ne. Ta ce da yawa yawu suke kawowa sai sakamako ya fito ba komai alhali cutar na nan. Na'urar da suke sakawa GeneXpert ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010, kamar awa biyu take ɗauka ta gama, kuma ba tibi kawai take ganowa ba har tana faɗa in ƙwayar ta bijire wa rifampicin, wanda shi ne babban maganin. Yaran da ba su iya fitar da majina ba kuma da kashinsu ake gwadawa yanzu.

Awa biyun nan na na'ura ne fa, ba naku ba. Mu dai ba a ranar muka samu ba, aka ce samfur ya taru ga matsalar wuta, sai da muka sake dawowa. Ban ji haushi sosai ba don na ga yawan robobin da ke jere.

Wanda ya ɓata min rai shi ne mutumin bakin lab da ya ce in kawo wani abu, wai kuɗin robar majina da safar hannu. Na nuna masa takardar da ke manne a bango a bayansa da aka rubuta gwaji da maganin tibi kyauta ne, sai ya ce ai wasa yake. Ba wasa ba ne, tsohon da ke gabana daga ƙauye ya zo kuma na ga ya zura hannu a aljihu. Gwajin majina na tibi da maganinsa kyauta ne a duk cibiyoyin DOTS, wato wuraren da ake ba da maganin tibi, a Najeriya, ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na yaƙi da tibi da kuturta, akwai ma layin kira kyauta 3340 da za ku tambayi cibiya mafi kusa da ku. Na kai ƙara wurin shugabar nas ɗin sashen kuma a gabana ta kira shi, wannan kuma na ba su makinsa.

Da yake zaman jira ya yi tsawo na saurari wayar da kan da suke yi wa masu karɓar magani, kuma gaskiya ko ba ku da lafiyar da za ku nema wannan bayanin ya isa a je a ji. Maganin tibi na yau da kullum wata 6 ne, wata 2 na farko haɗin magani huɗu, wata 4 na baya haɗin biyu. Fitsari zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, har hawaye da zufa, rifampicin ne ba jini ba ne. Amma in ido ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa ko gani ya fara dishi-dishi a dawo da gaggawa. Ta daɗe a kan masu dainawa in sun ji sauƙi bayan wata ɗaya ko biyu, ta ce su ne ke dawowa da wanda ba ya jin magani, shi kuma nasa maganin ya fi wuya ya fi tsawo. Wani ya tambaya ko a ware masa kwano da kofi, ta ce ba ta kwano ake ɗauka ba ta iska ce, a buɗe taga a rufe baki in za a yi tari, kuma in mutum ya yi kamar sati biyu yana shan maganin da ya dace da ƙwayarsa haɗarin ya sa wa wani yana raguwa sosai. Ta ce a kawo mutanen gida a duba su musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, akwai maganin kariya da ake ba su. Mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma su faɗa, don rifampicin yana rage mata ƙarfi, wannan na ga mata da yawa sun ɗago kai. Suna kuma yi wa kowane mai tibi gwajin HIV, ba zargi ba ne, cututtukan biyu ne ke yawan tafiya tare. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tibi, amma mu a unguwa har yanzu raɗa ake yi da sunanta.

Sakamakon majinar Umma ya fito babu tibi. Sai hoton ƙirji, shi da kuɗinku za ku yi, ba ya cikin kyautar sai dai in kun dace da motocin nan masu yawo da na'urar hoto lokacin gangami. Minti kaɗan ne, a cire sarƙa da duk wani abu mai ƙarfe har rigar mama mai maɗauri, a manna ƙirji a jikin allon, a ja numfashi a riƙe, shikenan. Masu tsoron wai yana ƙona jini ko yana rage kwana, hasken da ke shiga jiki a hoton ƙirji ɗaya kaɗan ne, kwatankwacin abin da jiki ke ɗauka daga ƙasa da sararin sama a cikin kamar kwana 10 kana zaune a gidanka. Mai ciki ko mai zaton tana da shi ita ce za ta faɗa kafin a ɗauka. Ƙorafina a nan shi ne namiji ne kaɗai a ɗakin kuma rigar da suke bayarwa guda ɗaya ce kowa ita yake sawa, Umma ta ce ita fa ba za ta cire ba, sai da na roƙa aka bar ni na shiga na taya ta sannan na fito. Ku taho da doguwar riga mara nauyi wadda ba zip ba maɓalli ba duwatsu, ta wadatar.

Hoton bai nuna tabon tibi ko ruwa ko ƙari ba, zuciya ma girmanta daidai, likita ya ce huhun ya ɗan bubbuɗe fiye da kima kamar iska na maƙalewa a ciki. Umma har ta fara murna a tafi gida, ya ce a'a, hoto siffa yake nunawa ba ya nuna yadda iska ke shiga da fita, mai asma ma zai iya yin hoto ya fito tas. Wanda zai raba gardama shi ne gwajin busa, a takarda spirometry suke rubutawa.

Wannan gwajin shi ne dalilin da ya sa nake cewa a je irin wannan sashen maimakon ƙaramin asibitin unguwa, don ba ko'ina ake da na'urar ba, su ma rana ɗaya suke yi a sati kuma ya fi hoto tsada. Ba allura ba jini, amma aiki ne. Za a auna tsayinki a rubuta shekaru, don da su na'urar ke lissafin abin da ya kamata huhu irin naki ya fitar. A zaunar da ke a kujera, a matse hanci da wani ɗan abu, a ba ki bututu ki kama da leɓe ba tare da iska na tsira ta gefe ba, ki cika ƙirji fam sannan ki fesar da ita da dukkan ƙarfi lokaci ɗaya, ki ci gaba da busawa har kamar daƙiƙa 6 ko fiye ko da kin ji ba sauran komai. Kuma ba sau ɗaya ba, sai an samu aƙalla uku masu kyau da suka yi kama da juna.

Umma da farko a hankali take busawa, da kunya da kawaici, ga mutum tsaye a kanta. Mai gwajin kuwa Allah ya ba shi haƙuri da murya, yana ta "Hajiya ku busa, ku busa, ku ci gaba, kar ku tsaya, saura kaɗan," har na waje suna leƙowa, ita kuma dariya ta kama ta sai tari ya biyo baya sai a jira ta huta. Da aka gama zagayen farko sai ya fesa mata salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, aka jira kamar minti 15 aka sake. Hikimar ita ce in hanyoyin iska sun buɗe sosai bayan maganin to alamar asma ce, in kuma sun ci gaba da zama a ƙuntace to an fi zaton COPD, wato toshewar hanyoyin iska ta dindindin da hayaƙi ke jawowa. A takardar akwai wani layi FEV1/FVC, shi ne iskar da aka fitar a daƙiƙar farko in aka gwada ta da dukkan wadda aka fitar, in ya gaza 0.7 bayan magani shi ne alamar toshewar. Na Umma bai kai ba, kuma maganin ɗan kaɗan ya motsa shi.

Inda suka gaza a nan, ba wanda ya gaya mana yadda ake shiri sai da muka zo. Ashe ba a so a cika ciki da abinci kafin a zo, ba a so a ɗaure ƙirji ko ciki tamau, mai shan taba ya dakata, mai amfani da inhela, wato maganin shaƙa, kuma ya tambaya awa nawa zai bari kafin gwajin don kar ta ɓoye cutar. Wanda aka yi wa aikin ido ko na ciki ko na ƙirji kwanan nan, ko mai tarin jini, ko wanda zuciyarsa ta buga ba da daɗewa ba, ya faɗa tun kafin a fara don ba a yi musu. Sannan 'yan uwana mata, wannan ba wanda zai faɗa muku, ku kai iyayenmu banɗaki kafin su shiga, busa da ƙarfi haka yana sa fitsari ya kufce wa dattijuwar da ta haihu da yawa. Duk wannan rabin takarda ya isa a rubuta da Hausa a manna a ƙofa.

Likita bai ɓoye mata ba, ya ce abin da ya lalace ba zai dawo sabo ba amma ana iya tsayar da shi kar ya ci gaba, kuma hakin zai ragu. Ya rubuta inhela biyu, ɗaya ta kullum ko da lafiya ko babu, ɗaya ta lokacin da numfashi ya sarƙe. Nan ma sai da aka sha fama, Umma ta ce ta ji an ce in ka fara shaƙa shikenan ka zama bawanta, kuma wai sai ciwo ya kai ƙarshe ake ba mutum. Ya ce "Hajiya ba ta sa jaraba, kuma ta fi ƙwaya sauƙi a jiki, don ita kai tsaye huhu take zuwa da ɗan magani kaɗan, ƙwaya kuwa sai ta zaga jiki duka." Ya ce abin da ke sa jaraba shi ne maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana tun 2018, da kuma ƙwayoyin da masu kemis ke haɗa wa masu haki irin su prednisolone a yi ta sha wata da watanni, mutum ya ji daɗi ya yi ƙiba fuska ta kumbura, can sai ga suga ga hawan jini ga ƙashi ya yi rauni.

Wata nas ta zaunar da mu ta koya mata shaƙar, kuma ba ta sallame mu ba sai da Umma ta yi a gabanta. A girgiza, a fitar da numfashi, a danna daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa 10. Haɗa dannawa da ja ya gagari Umma, sai ta ce a nemi sifesa, wata 'yar roba ce da ake sawa tsakanin inhela da baki, in babu ko ta yi tsada a samu gorar ruwa ta roba mai rabin lita a huda gindinta daidai bakin inhelar a toshe gefen, a fesa sau ɗaya a ciki a yi numfashi ta bakin gorar sau huɗu ko biyar. Ta kuma ce duk inhelar da ke da sitiroyid a kuskure baki a zubar bayan an shaƙa don kar farin ƙurji ya fito a harshe. Umma ta tambayi hukuncin azumi, nas ɗin ta ce wannan na malamai ne amma da yawa daga cikinsu sun ce ba ta karyawa, ta kullum ɗin kuma ana iya daidaita ta da sahur da buɗa baki.

Na yi amfani da damar na tambayi na yara, tunda ina da ƙanana kuma duk hunturu sai mun sha fama. Ta ce a ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance shiru a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif, jariri ɗan ƙasa da wata 2 in ya kai 60, daga wata 2 zuwa shekara in ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, to numfashin ya yi sauri ana zargin nimoniya. In ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko yana ta barci ba ya farkawa sosai, ba a kwana da shi a gida. Babba kuma in ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko ya yi tarin jini, ko ƙirji ya riƙe shi da ciwo farat ɗaya, ko harshe da cikin leɓe sun yi duhu-duhu, imajansi za a nufa ba wannan sashen ba, don su da rana suke tashi kuma ba sa aiki Asabar da Lahadi.

Kan hayaƙi kuma likitan bai tsaya a itace ba, ya lissafo gawayi a ɗaki rufe lokacin sanyi, janareta a kusa da taga, maganin sauro na kunnawa, ƙona bola, shisha, har turaren wuta, wanda a nan ne na ga fuskar Umma ta canza fiye da lokacin da aka ce COPD. Bai ce ta bar sana'a ba, kuma na ji daɗin hakan don da ya faɗa ba za ta ƙara sauraronsa ba. Cewa ya yi a fitar da tandar fili inda iska ke kaɗawa, in da hali a koma gas, in babu a yi amfani da busasshen itace a daina hura wuta da leda ko roba, kuma ta bar wa yara zaman bakin wutar ita ta koma kan kuɗi da zuba miya. Mun fitar da tandar, maganar gas kuma har yau ana kai ruwa rana, ta ce wainar gas ba ta ƙamshi. Haki dai ya ragu, tana zuwa bakin titi ba ta dafa bango, tarin asuba yana nan amma ba kamar da ba.

Famasinsu shi ne ƙarshen ƙorafina. Bayan duk wannan bayani mai kyau mun je taga aka ce inhelar gaggawar ce kawai ke akwai, ta kullum ɗin wadda ita ce ainihin maganin babu, a nema a waje, kuma a waje tsadarta ba wasa ba ce, abin da za a saya duk wata. Da na koma na faɗa wa likita ya canza mata wata mai sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya, don haka in ta fi ƙarfinku ku koma ku faɗa masa maimakon ku bar mai shago ya zaɓa muku. In kun saya a waje ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin gwangwanin kansa ba kwali kaɗai ba. Ranar komawa kuma ku zuba duk inhelar da sifesar da tsohon hoton da takardar busa a leda ɗaya ku tafi da su, don foldarmu sai da aka neme ta aka rasa a zuwa na gaba, takardun hannunmu ne likitan ya duba.